Ashe kiwo mai busar ya tafi

Muna zaune jiya a Rurum, 'yata Binta ta kunna min wani tsohon kiɗan jaz, irin na Amurka mai bushe-bushe, da nake ji a kaset tun ina saurayi. Farkonsa na gane shi sarai. Can sai mai busar ya saki hanya, na kasa bin sa. Ni kuwa tun da na yi jinya nake tsoron mantuwa.

Na ce, "Binta, kan ne ya fara tafiya?"

Ta yi dariya. "Baba, wasu ne suka sake ɗaukarsa. Kowa da yawonsa a tsakiya, amma gindin kiɗan ɗaya ne. Jira."

Sai ga karin farkon ya dawo gida kamar shanun yamma, har na riga shi da fito.

Alhamdu lillahi, da sauran kai. Ku fa, wane tsohon kiɗa ne bai ɓace muku ba?