Yaron da ba ya zufa

A gidanmu na Sae Sabuwa mata ba mu cika haƙora. Kakata haka, innata haka, ni ma biyu na sama da suka faɗi ina ƙarama ba su sake tsirowa ba. Giɓin nan mutane wushirya suke ce masa, har yabawa suke yi. Mijina ya ce ita ya hango a kasuwar Cadakori, ya manta da akuyar da aka aike shi saye. Ni kuwa sokuwa sai ƙara washe baki nake. Ban taɓa tambayar abin da ya sa innata ta haifi maza uku, babu wanda ya kai yaye ba, kuma dukkansu da bazara suka tafi.

Ɗana na fari namiji ne. Tsararrakinsa suka fara cizon nono iyayensu na ƙorafi, shi dasashinsa sumul. Ya yi rarrafe, ya miƙe, bakin nan babu ko ɗaya. Gashin kansa tsilli-tsilli. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in na sauke shi daga goyo, bayana sharkaf, shi kuwa wuyansa da hammatarsa a bushe ƙamas. Rana na ɗagawa zai nufi gindin randa ya manna cikinsa a danshi.

Uwar mijina, da muke zaune gida ɗaya a Gidan Rumji, ta ce ruwan rijiyar garinmu ne ya cinye masa haƙora tun a ciki. Daga baya ta ce ƙwayoyin asibiti ne da na sha ina da juna biyu.

Na kai shi Maraɗi. Likita ya duba yaron, sai ya ce in buɗe nawa bakin. Ya tambaye ni 'yan'uwana maza, na faɗa masa. Ya ce akwai ciwo da magungunan da kan taɓa haƙoran ɗa a ciki, amma wannan gado ne, ta jinin uwa yake bi. Mace giɓi kawai take samu, namiji har zufa ba ya yi. Ya ce in ya girma za a yi masa haƙoran roba, sai dai kada in kuskura in bar jikinsa ya ɗau zafi. A mota na riƙe bakina a rufe har gida.

Da na kwashe labari na faɗa wa uwar mijina, tsohuwa ta yi tsaki.

“Wane ɗan Adam na ba ya zuhwa? Ko jaki na yi. Toshewa ta yi, buɗe ta za a yi.”

Son jikan nan take kamar ranta, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Bazara ta kama, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na yini ina jiƙa zane ina shafa masa har ruwan gidan ya ƙare. Mijina yana Najeriya cin rani. Na ɗau jarka na ruga famfo, na tarar da layi.

Da na dawo, tun daga ƙofar gida na ji warin dafaffen ganyen dogon yaro. Tsakar gida ga bargo a tsaye kamar bukka, tururi na fita ta ƙasansa. Sirace tsohuwa take masa a ciki, yana kan cinyarta. Na fizge bargon. Ita zufa har ɗiga take daga haɓarta, shi jikinsa ja, a bushe, wuya ya langaɓe, ido ya kafe. Na juye masa jarkar gaba ɗaya ina kiran sunan Allah. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba kafin ya ja numfashi ya tsala kuka.

Tsohuwa ta share fuska da gefen zane, ba faɗa, ba ɗaga murya.

“Ke 'yar nan, kin ɓata aiki. Saura kaɗan ta keto mishi.”

Ta rufe tukunyar da faifai, ta ja ta inuwa.

“Kar ki zubda ganyen ga. Gobe a ɗuma shi.”

Na dubi jarkar da ke kife a ƙasa. Babu ko ɗigon ruwa a gidan, kuma ba mai zuwa famfo sai ni.