Murfin Tukunya da Silifas Uku

Shekara talatin da biyu Baba Direba yana tuƙi, ko akuya bai taɓa takawa ba. Da idanunsa suka fara hazo, likita ya ce a ajiye makulli. Ya ajiye, amma kullum da safe sai ya yaye tamfol ɗin da ke kan motarsa, ya shiga, ya zauna yana shafa sitiyari.

Wata safiya ya shiga, gwiwarsa ta bugi sitiyarin. An matso da kujera gaba. Ya laluba madubi, shi ma an karkato shi ƙasa.

"To, an zo wajen," ya ce a ransa. "Sayar da ita za su yi. Kuma mai sayen gajere ne."

Nan da nan ya haɗa lissafi. Bakaniken maƙwabta ya cika zuwa gaisuwa. Uwargida kuwa, da ba ta taɓa tambayar ko taya nawa mota ke da ita ba, yanzu tana zuba masa shayi tana cewa, "Malam, wai in mota ta mutu a hawa, me ake fara takawa?" Wato tana neman abin da za ta gaya wa mai saye ke nan. Sai ya daina amsawa, ya ɗaure makulli a mazagin wando. Ya manta akwai na biyu a ƙasan akwatinta.

Rannan ya ji ƙus-ƙus a kicin, ya lallaɓa. Ga uwargida bisa kujera 'yar tsuguno, riƙe da murfin tukunya hannu biyu, silifas uku jere a gabanta, tana takawa tana cewa, "Kuloci, giya, saki a hankali."

"Ke! Wa za ki sayar wa motata?"

"Sayarwa? Wa zai sayi wannan tsohuwar? Kai dai matsa, ka tsaya mini a titi."

Ashe wata biyu ke nan kullum tana juya murfi kafin ruwa ya tafasa, abu ɗaya take kamawa har sai ya zauna mata a kai. In ya tafi masallaci, bakanike ya raka ta filin bayan unguwa da motar ta gwada. Har lasin ta ciro daga haɓar zani ta danƙa masa.

"Wa ya koya miki?"

"Kai mana. Shekara talatin ina gefenka kana zagin direbobi. Duk abin da ka zaga, shi na bari."

Ranar komawa asibiti, Baba ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba. Tun daga ƙofar gida yake danna ƙafa a daɓen motar kamar mai taka birki.

"Malam, birki yana wajena."

"Na sani. Duba shi nake."

Da ta yi fakin, ya fita, ya zagaya motar yana shafa ta ko an goge ta. Lafiya lau. Ya daɗe yana kwance mazagi, sannan ya miƙa mata makullin.

"Riƙe. Amma kujerar nan, a riƙa mayar mini da ita baya kafin safe."