Ranar da Aka Kai Ƙafafuna Kotu

Har yau idan na bi ta inda ake jeme fata, warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina, sai in ji ƙafafuna sun fara ƙaiƙayi. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. An kusa shekara arba'in, amma jiki bai manta ba.

Gidanmu yana ƙarshen gari a Haɗejiya, daf da wani reshen kogi da ke ratsowa ta bayan unguwarmu kafin ya koma babban ruwa. Babana masunci ne, kakata kuma, wato mahaifiyarsa, ita ke bandar kifin da ya kamo. Ni da nake 'yar shekara tara, aikina wanke kifi. Idan damina ta wuce, ruwa ya fara janyewa daga fadama, nakan wuni tsaye cikin ruwa har gwiwa ina gyara tarwaɗa da karfasa, 'yan ƙananan kifaye suna ta taɓa mini yatsun ƙafa.

Akwai majema a saman unguwar, ta daɗe ba ta dami kowa ba, don da bagaruwa da toka suke aiki. Sai wani attajiri ya saye wurin, ya kawo wata hoda cikin shuɗɗan ganguna, ya haƙa kwata ta miƙe har cikin ruwanmu. Ba a yi wata biyu ba ruwan ya koma kore-kore, da kumfa a gefe. Wata safiya muka tarar da kifi birjik a kan ruwa, fararen cikkunansu suna kallon sama. Belbelu suna tsaye a gaɓa, ko ɗaya ba ta sauka ta ɗauka ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Daga nan ƙafafuna suka fara. Ƙaiƙayi, sai ƙuraje, sai suka fashe suka zama gyambo tun daga idon sawu har gwiwa. Kakata ta shafa mini man kaɗanya, ta naɗe da tsumma.

Manya sun san inda masifar ta fito, amma masunta suka taru a zauren sarkin ruwa suka yanke shawarar kowa ya ja bakinsa. In labari ya kai kasuwa cewa kifin bayan gari guba ya sha, 'yan sari ba za su tsaya tambayar wane kifi ne na wane ruwa ba, duk kifin garin za su ƙaurace wa. Aka riƙa binne matattun kifin da sassafe, maza suka koma su can wajen Kirikasamma. Wanda ya tambaya sai a ce masa mutanen ruwa ne suka yi fushi. Ni kuwa na haɗiye wannan magana ɗungurungum. Na ɗauka aljanun ruwa sun yi mini alama a ƙafa, saura su zo su ja ni. Ko ƙarar guga na ji a rijiya, sai in ruga ɗaki.

A zamaninmu ba abin da matan gida ke tsoro kamar dubagari. Da an hango shi a bakin layi sai a hau kifar da randa ana share-share, ana ɓoye duk abin da zai iya jawo tara. Namu mutumin Filato ne, Kirista, dogo mai sanyin murya. Shi ya kai ƙarar majemar kotu, ya shiga bin gida-gida yana neman wanda zai ba da shaida. Ran da ya yi sallama a gidanmu, kakata ta yi abin da ta saba. Ta tura ni ɗakin banda ta rufe ni da tabarma.

"Mama, ba randarki na zo dubawa ba," na ji yana cewa. "An ce mini akwai yarinya mai ciwon ƙafa a gidan nan."

"Ta tafi ƙauye," in ji kakata.

Hayaƙi ya sarƙe ni, na cusa mayafina a baki don kada in yi tari. Da aka zauna a kotu, lauyan attajirin ya ce ina mataccen kifin, ina marar lafiyar? Dubagari bai da ko ɗaya. Alƙali ya ɗage zama, ya ce in aka dawo babu shaida zai kori ƙarar.

Ana saura kwana uku a koma kotu, kakata tana kwance mini tsumman, ya manne da nama ina ta ihu, sai ga ƙanwata 'yar shekara uku ta shigo daga bakin ruwa. Ta zauna a ƙasa tana sosa ƙafa da hannu biyu. Kakata ta daɗe tana kallonta. Da babana ya dawo ta ce masa ranar Litinin za ta kai ni kotu.

"Iya, za ki kashe mana kasuwa," in ji shi.

"Kasuwa za ta tashi. Waɗannan ƙafafun fa, kai za ka ba su naka?"

Ni a sanina wanda ya shiga kotu ba ya dawowa gida. Ga aljanu a baya, ga kurkuku a gaba. A amalanken maƙwabcinmu aka tura ni, ina kuka tun daga ƙofar gida. Masunta sun cika harabar kotun, ba wanda ya amsa gaisuwar kakata. Aka ɗora ni a kan benci, ɗan sanda yana tsaye kusa da ni.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Yarinya, me ya sami ƙafarki?"

Na ce, "Mutanen ruwa ne."

Kotu ta ɗauki dariya. Lauyan attajirin ya buɗe hannuwa yana murmushi, dubagari ya sunkuyar da kai. Ban san abin da na yi ba, amma na san na ɓata wani abu, kuma na tabbata yanzu za a rufe ni.

Sai kakata ta miƙe, ba wanda ya ba ta izini. "Allah ya gafarta Malam, ƙaryar da muka koya mata ce ta faɗa maka. Ni na ɓoye ta ran da bawan Allahn nan ya zo. In kifi kake son gani, na san ramin da muka binne su." Ta durƙusa ta warware tsumman. Warin majema ya cika ɗakin, dariya ta ɗauke.

Washegari alƙali ya je da kansa, aka tone ramin a gabansa. Ya ba da umarni a toshe kwatar, a haƙa wa majemar ramuka nesa da kogi, attajirin kuma ya sa a yashe baƙin taɓon da ya kwanta a ruwan. Aikin ya ja, sai da dubagari ya koma kotu sau biyu kafin a gama. Ni aka kai ni asibiti.

Kasuwa kuwa ta faɗi, kamar yadda babana ya ce. Mun sha kunu ba ƙosai a shekarar nan, matan masunta suka daina shigowa gidanmu ko suna ake yi. Sai a damina ta uku karfasa ta dawo bayan unguwar. Kakata ba ta gani ba, ta rasu ana shuka, kuma waɗanda suka ƙi gaishe ta ne suka fara jefa komar kamun kifi a wurin.

Bara na je gida na leƙa wurin. Majemar ta tashi, amma leda da ruwan kwatocin gari sun cike reshen, ciyawar kachala ta rufe sauran, kuma ba wani dubagari da ake gudu. Na ga wata yarinya tsaye cikin ruwan har gwiwa tana wanke kwano. 'Yata da ke riƙe da hannuna ta dubi tabon ƙafata, ta tambaye ni ko aljanu ne suka yi mini, don abin da ta ji ana faɗa ke nan a unguwar har yanzu.

Na ce mata a'a, mutane ne. Wasu sun zuba guba, wasu sun yi shiru. Sannan na tattare zanina na shiga na fito da yarinyar.