Konjen 'Yan Kuba

Har gobe ban manta da safiyar da izinin fita ƙasa na Majo Isufu ya iso birona, wato ofishina, karo na huɗu ba. Takarda ce mai kyau: tampo, wato hatimi, ya zauna daram, sa hannu ya fito raɗau, ba gyara ko ɗaya. A duk shekarun da na yi ina riƙe dosiye, wato takardun aikin ma'aikatan lafiya na gundumarmu, ban taɓa karɓar takardar da ta cika ƙa'ida kamarta ba, ban kuma taɓa ganin marar amfani kamarta ba.

Ga waɗanda suka shigo aiki bayan na fita, ni ba likita ba ne, ko ƙurji ban iya matsewa ba. Malamin lakwal ne ni a da, wato makarantar boko. Shekara goma sha biyu na yi a Sassumbrum ina koya wa yara sunayen tekuna da tsibiran da ni kaina ban taɓa gani ba, sannan na ci jarrabawa na koma biro. Shi ya sa har yau Mushe Habu ake ce mini, wato Malam Habu. Babban aikina shi ne tsarin konje, wato hutun ma'aikata. Wata faffaɗar takarda nake mannawa a bango kowace shekara: sunaye a jere ta hagu, makonni a sama, kowane mako da ɗan gidansa. Da kiriyo, wato fensir, nake cike gidajen, gom na gogewa yana kusa da hannuna, don na san mutane.

Ƙa'idar kuwa ga ta. Ma'aikacin gwamnati ba ya fita ƙasar waje da konje kaɗai, in ka ɗebe zuwa kasuwar Maigatari, wadda ba mai lissafa ta a ƙasar waje. Sai babban likita ya sa hannu, shi kuma ba ya sa hannu sai an rubuta sunan wanda zai riƙe wurin. Daga nan a haɗa dosiyen neman izinin fita, ya tafi Damagaram, ya wuce Yamai, ya dawo ta hanyar da ya bi. Makonni yake ci. Ranar tafiya da ta dawowa a rubuce suke a jikin izinin. In aka ɗaga tafiya ko da mako ɗaya ne, takardar ta mutu, a koma farko.

Muna da mutum huɗu da kowa ke kira 'yan Kuba, domin tun suna samari aka tura su karatu birnin Habana, wajen shekara talatin kafin wannan labari. Akwai Hajiya Rabi, babbar ungozoma, da mijinta Mamman mai kula da ɗakin magani, wanda tun da ya aure ta ya sauke wa kansa nauyin magana. Akwai Laminu na labo, ɗakin gwajin jini. Sai Isufu, majo, wato shugaban wani ƙaramin gidan likita can bayan Dogo-Dogo, inda mota ke ajiye mutum ya ƙarasa a kan moto. In suka haɗu sai su juya harshe zuwa Sifaniyanci su yi ta dariya, mu kuma mu zauna kamar kujeru.

Isufu ne ya tayar da maganar komawa, kwana huɗu kacal, a ga gari a dawo. Shi ya tsara komai a cikin wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Kar, wato bas, daga Magarya zuwa Damagaram, wata zuwa Yamai, jirgi biyu da zaman jira a wata ƙasa: kwana uku zuwa, uku dawowa. Na ce masa kwana shida na wahala don kwana huɗu na shaƙatawa, da ɗalibi ne ya kawo mini wannan lissafi da na ce ya sake. Ya ce shi ya sa ɗalibaina ba su je ko'ina ba.

Rana ta farko, sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna kusa da teku. Ta biyu, tsohuwar makarantarsu. Ta uku, tsohon gari, da masallacin da aka ce an buɗe bayan tahowarsu, don a zamaninsu a ɗaki suke salla suna kintatar alƙibla. Sai shinkafa da baƙin wake. A shafin rana ta huɗu kalma biyu ce kawai: "Katanga. Zama." Wata doguwar katanga ce a bakin teku da suke hawa su zauna suna ɗalibai. Watan ɗaya ya zaɓa, domin a can guguwar teku ta wuce, a nan kuma palu, zazzaɓin cizon sauro, ya lafa, an kai amfanin gona gida.

A watan goma sha ɗaya ya zo sa hannu. Ya miƙa hannu zai ɗauki bik, wato alƙalami, ya ture kofin shayin da ke gefen teburi. Da ya sa hannun kuma, sai ya sa shi ƙasa da layi sosai.

Na ce, "Majo, lafiya dai?"

Ya ce in tura ƙofa. Na tura.

"Tansiyon ido ne, Mushe. Na je Damagaram an duba. Duniya ce take tsukewa daga gefe. Yanzu kamar ta cikin bututu nake kallonka, kuma ba ka ƙara kyau ba."

"Nawa aka ce ya rage?"

"Likitan bai yi alkawari ba. Wata shida, wataƙila shekara, in na riƙa ɗiga magani. Allura da ɗinki tuni na bar wa mataimakiyata."

"Su Hajiya sun sani?"

"Ba su sani ba, kuma ba daga bakinka za su ji ba. In suka sani, ba yawo za mu je ba, jinya za su kai ni. Rabi ta yi ta kuka a bakin teku, alhali wurin ba ya ƙarancin ruwan gishiri. In babban likita ya ji kuma, gobe zai zaunar da ni a gari ina gadin kwalaye. Ni dai in ga ruwan nan da idona sau ɗaya, da ƙafata, ba a riƙe da hannuna ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Ba abu ne mai wuya ba a lokacin. Dokar farko ta wannan aiki ita ce abin da ka sani game da lafiyar ma'aikaci ba naka ba ne, ajiya ce. Kuma saura wata biyu kawai.

Izini na farko ya iso a kan kari. Na samo wani anfirmiye, wato nas, daga Guci da zai riƙe wa Isufu wuri. Sai ga dangin mijin 'yar Hajiya Rabi sun zo sun sa ranar biki, ta faɗa tsakiyar makon tafiya. Uwar amarya da uban amarya ba sa hawa jirgi a wannan mako, ko ɗan yaye ya san haka. Isufu da kansa ya zo bikin, ya ci tuwo ya yi addu'a. Na goge gidajen su huɗun a bango, na mayar da su watan uku.

Izini na biyu ya iso. Kwana goma kafin tafiya aka aiko da sanarwar zagayen rigakafi, an dakatar da konjen kowa. Na shiga wurin babban likita na ce ko za a yi wa mutum ɗaya sassauci.

Ya ce, "Wane dalili zan rubuta, Mushe Habu?"

Dalilin yana bakina. Na ce, "Tsohon ma'aikaci ne, dokta."

"Dukanmu tsofaffi ne. Bayan zagaye su tafi."

Bayan zagaye azumi ya kama. Aka sa farkon watan shida, makon ƙarshe da ya rage kafin damina. Daga watan bakwai zuwa na goma ba a ba kowa konje a gundumar nan, lokacin da yara ke kwance har a kan tabarma a barandar gidan likita. A can ma lokacin guguwa ne. Wanda bai tafi a watan shida ba, sai wata shekara.

Izini na uku yana cikin aljihun teburina ranar da suka taru a birona, ana wani zafi da ko fanka ta gaji da shi. Laminu ne ya zo da albishir: an zaɓe shi zuwa horo na mako uku a Yamai, irin wanda ke ɗaga girma kafin mutum ya ajiye aiki. Shekara da shekaru yana jiransa. Daidai makon tafiya.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a. Habana ba guduwa za ta yi ba. Shekara talatin tana nan, wata bakwai ne zai kashe ta?"

Hajiya ta ce, "Kai dai tun a can kai ne mai sa mu rasa bas."

"Ke kuma 'yar wa aka aurar a watan ɗaya, tawa?"

Suka yi dariya. Mamman ma ya motsa baki. Ni na ce, ina kallon bango, "Ni da shawarata, ku ukun ku tafi yanzu. Laminu ya je daga baya. Takardu sun cika, mai riƙon wuri yana nan. Ba kullum ake samun haka ba."

Hajiya ta ce, "A'a, Mushe, yau kai ke korar mutane daga aiki? Ko ka gaji da goge-goge ne?"

Na juya wajen Isufu. Sai da ya karkato da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni a cikin bututunsa. Jira nake ya ɗaga mini ko gira ce. Da ya yi, da na faɗa.

Ya ce, "Mu huɗu muka sauka daga jirgi a Habana, Mushe. Laminu ne ya riƙe mini kai da na yi amai a hanya. Ba zan je in zauna a katanga in turo masa hoto ba. Kai dai ja layinka."

Na tashi na ɗauki gom. Layin Isufu ya sha guga har takardar ta yi laushi. Ina gogewa ta huje. Na liƙa wata 'yar takarda a bayan hujin. Suka fita suna gardamar wanda zai zauna kusa da taga a jirgi.

Damina ta zo da nauyi. Ban ga Isufu ba wata shida, rahotonsa kawai nake gani, kuma daga watan tara rubutun ya koma na mataimakiyarsa. Na sake haɗa dosiye huɗu don watan ɗaya, kamar yadda aka ce in yi.

A watan goma sha biyu izinin ya iso, wannan da na fara ba ku labarinsa. Na aika musu su zo su karɓa. Su ukun na gari suka riga Isufu isowa. Can sai muka ji moto, sai ga ƙanensa ya shigo da shi, hannun Isufu a kafaɗarsa. Ya yi sallama yana fuskantar kabad ɗin dosiye.

Su ukun suka zuba masa ido. Ni na amsa, na kai shi kujera, na sa masa takardar a hannu. Ya shafa ta har ya taɓo inda tampo ya ɗan lotsa ta.

"Karanta mini, Mushe. Kai ne mai muryar lakwal."

Na karanta masa duka, sunansa, girmansa, ranar fita, ranar dawowa. Ya ce, "Ba kuskure ko ɗaya. Aikinka na kyau."

Hajiya Rabi ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ka sani?"

"Na sani, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin bikin 'yarki."

"Ka zauna a gidana ka ci abincin bikin nan, ka sani? Biki ne, Mushe! Da na ɗaga shi. Da surukan sun yi fushi na mako biyu sun huce."

Isufu ya ce, "Rabi, ni na ɗaure shi. Ki bar shi."

Laminu, wanda ya samu girman nasa, ya durƙusa gaban kujerar ya ce za su tafi hakanan, shi zai riƙe shi, zai faɗa masa komai, launin ruwa, tsofaffin motoci, duk abin da ya wuce.

Isufu ya ce, "Ƙarar ruwan da warinsa ina da su a kai, ba sai na hau jirgi biyu ba. Shekara talatin ina gaya wa mutanen ƙauye kalar ruwan nan, har na fara shakka ko ƙarya nake musu. Dubawa kawai na so in yi." Ya ciro kayen daga aljihu ya ɗora a teburi, kusa da kofin shayi, bai ture shi ba. "Ku je ku. Komai na ciki."

Ba su je ba. Izini huɗu suka mutu a aljihun teburina, a kan kayen. Dosiye na gaba da na haɗa wa Isufu na barin aiki ne saboda rashin lafiya, shi ma ya wuce ba gyara. Hajiya Rabi tana gaishe ni har yau, gaisuwa cikakkiya, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai.

Ba zan ce muku ku riƙa tona asirin ma'aikata ba. In aka dawo da ranar, ban san ko zan buɗe baki ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa na sani. Abin da na gane shi ne, mutanen wannan aiki sun iya ɗaga nasu don na wani har ya zame musu ciwo, kuma wanda ya fi kowa buƙatar tafiya shi ne zai fara cewa ba komai. Takardar bango kuma gidajenta duk girmansu ɗaya, mako kamar mako, alhali ba haka suke ba a wurin masu su. Daga wannan shekara, duk wanda ya zo a ɗaga masa konje, sai na tura ƙofa na tambaye shi shi kaɗai: in an ɗaga, me zai wuce wanda ba zai dawo ba? Yawancinsu dariya suke yi. Wasu kuwa sukan dubi ƙasa. Waɗannan, ko sun ce ba komai, ba na ɗaukar gom. Nakan ɗauki dosiyen in shiga wurin babban likita, in zauna, in ƙi tashi.