Turken Gonarmu da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Ni Bahaɗeje ne, a cikin birni aka yanke mini cibiya, kuma tela ne ni. Shagona yana kusa da layin masu bandar kifi, don haka duk rigar da na ɗinka sai ta kwashi ɗan ƙaurin hayaƙi kafin mai ita ya zo. Mu Haɗejawa an san mu da kafiya. Kakanninmu sun tsaya wa Turawa a bakin ganuwa, mu kuma abin da muka gada shi ne ba a raina mana hankali. Nawa rabon ya ɗan yi yawa, ban ɓoye ba. Ko yadi aka kawo mini aka ce biyar ne, sai na sa awo a gaban mai shi.

Da mahaifina ya rasu, ya bar mana gona guda a fadama, can ta hanyar Baturiya. Wanda bai san ƙasarmu ba ya sani: kogin da ya biyo daga wajen Kano, in ya wuce Haɗeja sai ya saki jiki, ya rarrabu, ya malale a fili. Gonar fadama kuwa masu ita uku ne. In ruwa ya hau a ƙarshen damina, ta masunta ce, su kafa tarkonsu. In ya janye, ta manomi ce, ya sa albasa da barkono da alkama. In an kwashe amfani, Fulani su shigo da shanu. Haka aka taras, ba wanda ya rubuta shi a takarda. Ni dai ban taɓa noma ta ba, mahaifina ne yake zuwa, ni ina kan keken ɗinki.

Bayan an share makoki Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Gonar nan da ita aka ciyar da ku. Ubanka ya ce taki ɗari da ashirin ce daga gorubar da ke gonar zuwa turken iyaka na gabas. Kada ka bari a ci ko taki ɗaya." Na ce mata wallahi sai dai in ba na numfashi.

Daminar farko, da ruwa ya hau, na hau babur na je in ga wurin. Gonar ta nutse, gorubar kaɗai ke tsaye, ruwa ya kai mata gindi. Sai na hango kwale-kwale can gefen gabas, daidai inda turken iyaka yake. Wani tsoho ne a cikin ruwa har ƙirji. Ya nutse, ya daɗe, ya ɗago, ya ja numfashi, ya sake nutsewa. A hannunsa akwai lauje.

Na tambayi wata mai tallar fura da ke wucewa ko wane ne. Ta ce ai tsohon masuncin nan ne, ɗan filinsa ne ya yi iyaka da namu ta gabas. To fa! Filinsa ya yi iyaka da namu, uban gona ya mutu, magaji ɗan birni ne, shi kuma ga shi yana nutso a kan turke. Biri ya yi kama da mutum.

Na ɗaga murya na yi sallama. Ya tuƙo kwale-kwalen ya zo, ya yi mini ta'aziyya, har da ƙwalla. Ni ko ƙwallar ma ban yarda da ita ba.

Na ce, "Baba, me ake nema a ƙarƙashin ruwa haka?"

Ya ce, "Ciyawa nake yanka, ɗana. Kacala ce take son shigowa ta bakin korama."

Na dubi ruwan, fes, ko tsinke babu. Na ce, "Ina ciyawar?"

Ya yi dariya. "Ai shi ya sa ba ka gan ta ba."

Ya ba ni tarwaɗa uku manya ya ce in kai wa Inna. Na karɓa, amma a hanya ina ta saƙe-saƙe. Wa zai shiga ruwa har wuya, da tsufansa, ya yanke wa wani ciyawa a banza? Kuma kifin nan na mene ne, in ba na toshiyar baki ba?

Sau huɗu ina rufe shago ina zuwa a daminar nan. Ba na ƙarasawa, sai in laɓe bayan wata kanya in yi ta kallo. Kullum yana wurin, gefen gabas. Har na fara zargin mai furar ma, don na ga ranar da ta gan ni, washegari bai fito ba.

Da ruwa ya janye, tun ƙasa ba ta gama bushewa ba, na tuɓe takalmi na auna. Daga goruba zuwa turke, taki ɗari da goma sha ɗaya. Na sake, haka. Taki tara sun tafi! Da na gaya wa Inna sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai zanƙalele ne, ubanka kuwa gajere. Takinku zai zo ɗaya?" Na ce Inna ba ki san mutanen ƙauye ba. Ta ce, "A can aka haife ni." Ban saurare ta ba.

Na kai ƙara wurin bulaman ƙauyen. Aka kira tsohon, aka zauna a zaure. Na zazzage duk abin da na gani, har da kifin. Bulama ya saurara, sannan ya ce, "Ɗana, ruwa in ya hau na masunta ne, ba ni da ikon hana shi. Kuma shekara da shekaru mutumin nan ke tsare wa ubanka bakin koramar, a madadin haka yana kafa tarkonsa a gonar. Ba mu taɓa jin kansu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin mai gona yana da rai ke nan." A raina kuwa na ce shi ma bulaman da nasa kason a ciki.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba sai an hana ni ba. Tunda zuciyarsa ba ta kwanta ba, na bar masa ruwansa." Ya ɗauki hularsa ya fita. Na dawo Haɗeja ina jin na yi abin kai, har na saya wa Inna tsire.

Damina ta gaba ba kowa a gefen gabas. Sai wasu korayen tsinkaye da suka leƙo saman ruwa a bakin korama, kamar ganyen albasa. Na ce wannan ce kacalar da ake ta tsorata ni da ita? Da rani na sa aka sare ta, aka cinna mata wuta. Ta dawo ta fi da yawa. Ashe ita ba haka ake mata ba. Sai ruwa ya hau, a bi ta can ƙasa a yanke, ruwa ya cika karan, saiwar ta ruɓe. In ka sare ta a sama ko ka ƙone ta, aski ka yi mata. Duk wanda ya tashi a fadama ya san wannan. Ni ina can ina ɗinka aljihu.

A shekara ta uku ta toshe koramar gaba ɗaya. Ruwa ya shiga gona ya rasa hanyar fita, ya kwanta, ya yi wari. Kacala ta fi tsayina, tsuntsayen jan-baki suka yi sheƙa a ciki suna cinye wa maƙwabta shinkafa. Ko ƙwayar albasa ban cire ba. Inna ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai ranar da ta aika aka sayo albasa a kasuwa, na ga ta juya ta a hannu ta daɗe tana kallo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ajiye girman kai na je gidan tsohon. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi da lalube, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara, kuma na zo neman taimako."

Ya ce, "Gafara an yi tun ranar. Taimako kuwa, ƙirjina ba ya riƙe numfashi yanzu. A da kacalar guda-guda take zuwa, ina tare ta. Yanzu sai gayya, kuma kowa yana fama da tasa." Sannan ya ce, "Ka je ka duba turkenka. Na san shi ne ya hana ka barci."

Kunya ta kama ni, amma ka san hali, sai da na je. Na ari lauje na kutsa cikin kacala, tana yanka mini hannu, ruwa har gwiwa. Na lalubo turken da ƙafa. Yana nan, ya yi baƙi, ya kafu kamar dutse, ko da diga ba ka girgiza shi balle tsoho da lauje. A jikinsa ga tsohuwar igiyar da mahaifina yake ɗaure jakinsa.

Da na dawo gida Inna ta ga hannuwana duk jini. Ta ce, "An ci iyakar?"

Na ce, "Ba a ci ko taki ɗaya ba, Inna."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta ci gaba da yanka albasarta ta kasuwa.