Muryar Dada da takardar biki

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, wadda muke kira Dada, na tattara abin da ya rage na muryarta a tsohuwar laftof ɗina, na bar wa Baba a gidanmu na Nassarawo. Kullum da safe sai ya fito tsakar gida ya kunna, ya ji tana yi wa jikoki addu'a da Fulatanci, sannan ya sha kunu. Ni kuwa ina ta hura hanci wai ɗan zamani, ko kwafi ban ajiye ba.

Wata rana saƙo ya shigo imel da sunan maƙwabciyarmu, aminiyar Dada, wai takardar tsarin bikin 'yarta a coci. A wurin Baba, ƙin duba gayyatar maƙwabci raini ne. Ya buɗe, ya ga takarda fara fat. Kafin azahar komai na cikin laftof ɗin ya kulle.

Abokina mai gyaran kwamfuta ya duba ya ce, "Manhajar rubutun nan ta tsufa, ba a sabunta ta ba, akwai ɓaraka a jikinta. Takardar ɗauke take da umarni a ɓoye, buɗewa kawai ta isa."

Na ce, "Muryar fa?" Sai ya girgiza kai.

Ashe imel ɗin maƙwabciyar tamu, baiwar Allah, aka sace. Ta shigo ta durƙusa gaban Baba tana kuka. "Malam, wallahi ba ni ne ya aika ba!"

"Na sani, Mama, tashi," in ji Baba. Amma daga ranar ya daina fitowa tsakar gida da safe, abin ya tsaya min a rai.

Matar nan ba ta zauna ba. Gida-gida ta bi, har garin Mayo Bani, tana roƙon mata su duba wayoyinsu ko akwai saƙon murya da Dada ta taɓa turo musu. Ta kawo, muka kunna. Sai ga Dada tana dariya: "Malam wai ba ya son yaji. Yana juya baya nake ƙarawa, har yau bai gane ba!"

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Na gane mana! Ƙyale ta na yi."

Yanzu ba na buɗe takarda sai na kira wanda ya aiko, ba na kuma wasa da sabunta manhaja. Rashin addu'o'in nan har yau yana min ciwo. Baba dai bai sake tambayarsu ba. Da safe cewa yake, "Kunna min wannan da take gulmata."