Ƙullutu Uku a Kan Kyanwar Kaka

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron a ce tsoho ya rasa abin tunawa sai kan kyanwa. To, a ce.

Lokacin Nasara bai tafi ba, masu binciken ciwon barci kan sauka Gaya. A jera mu, malamin likita ya lalubi wuyan kowa. Wanda aka ji wa ƙullutu, a ware shi. Ni ban daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar boko, na tsaya na kalli yadda yake danna yatsu, na koma gida da ilimin da ba wanda ya ba ni. Na lalubi wuyana har ya yi ciwo. Sai na kama kyanwar kakata, wadda ke tsare mata kifin banda daga ɓeraye. Ƙullutu uku a kanta!

Abinci ya fita raina. In na yi shiru, na ɓoye wa gari cuta. In na faɗa, na san ba za a yi wa kyanwa allura ba, kashe ta za a yi. Ga ta kuma kullum cikin barci, abin da ya ƙara tabbatar mini.

Ranar kasuwa na sa ta a kwando zan kai ta gun malamin likita. Kaka ta tare ƙofa.

"Mijin banza, ina za ka da kishiyar ɓerayena?"

Na yi mata bayani, har da Faransanci. Ta shafa kan kyanwar.

"Wannan ludayina ne, shekaranjiya, da ta ɗauki kan tarwaɗa. Wannan muciya ce. Matso in yi maka irinsu, ka kai kanka gun likitan."

"Na ukun fa, Kaka?"

Ta daɗe tana murza shi, can bayan kunne. "Wannan ba aikina ba ne. Ajiye mini kyanwa."

Na ajiye. Biyun suka sace cikin kwanaki. Na ukun, mai tauri kamar gujjiya, yana gudu ƙarƙashin yatsa, bai girma ba, bai tafi ba. Kyanwar ta tsufa da shi, ni kuwa kullum sai na taɓa shi, har ta koyi hawa katanga in ta ji tafiyata.

Har yau ban san mene ne ba, ban kuma san ko daidai na yi da na yi shiru ba. Wanda ya taɓa ganin irinsa a kan kyanwa, ko ya ji sunansa wajen likitan dabbobi, don Allah ya sanar da ni.